Babi na Biyar: Me Ya Sa Kullum Namu Ake Gogewa?

Duk wanda ya daɗe yana bin cacar bakin siyasa a shafukan sada zumunta ya san wannan kukan. Mutum zai ɓace kwana uku ko wata guda, sai ya dawo yana cewa, "Jama'a, sun kulle ni. Gaskiya ce ba sa so." Abokan tafiyarsa su taru su yi masa jaje, su ce ai dama an sani, namu ake bi ana gogewa, su kuwa can ko uwa da uba suka zaga ba mai taɓa su. Ka taka zuwa wajen abokan hamayyarsu, sai ka tarar da kukan nan dai, da rantsuwa iri ɗaya, cewa su ne kamfanin ya sa a gaba.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ba. A shekarar 2020 cibiyar Pew ta Amurka ta tambayi Amurkawa ko suna ganin kamfanonin nan na toshe ra'ayin siyasa da gangan. Kashi 73 cikin ɗari suka ce da alama haka ne. A cikin magoya bayan jam'iyyar Republican kashi 90 ne, a cikin na Democrat kuma kashi 59. Wato a kowane ɓangare masu zargin sun fi yawa. To wa ke da gaskiya? Shin akwai son kai a wajen masu goge rubutu da rufe shafi, ko kuwa ido ne ke yi mana gizo? Amsar tana da rassa, kuma sai mun fara da namu idon kafin mu je ga na kamfani.

Wasa ɗaya, ido iri biyu

Ranar 24 ga Nuwamba, 1951, jami'o'in Princeton da Dartmouth na Amurka suka kara a irin ƙwallon ƙasarsu, wadda ake runguma da hannu ana karo da juna. Wasan ya yi zafi ƙwarai. An karya wa gwarzon Princeton, Dick Kazmaier, hanci, an kuma fitar da wani ɗan wasan Dartmouth da karyayyiyar ƙafa. Bayan an tashi, jaridun ɗaliban makarantun biyu suka yi ta jifan juna da laifi.

Wasu malamai biyu masu nazarin halayyar ɗan Adam, Albert Hastorf na Dartmouth da Hadley Cantril na Princeton, suka ɗauki fim ɗin wasan suka nuna wa ɗaliban kowace makaranta, suka ce kowa ya ƙirga ƙetar da ya gani. Fim ɗaya ne, ba a ƙara ba a rage. Amma ƙetar da ɗaliban Princeton suka ƙirga wa 'yan wasan Dartmouth ta ninka wadda ɗaliban Dartmouth suka ƙirga wa nasu har fiye da sau biyu. Ba wanda ya zauna da niyyar yin ƙarya. Kowa abin da idonsa ya nuna masa ya rubuta. Wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar da Real Madrid da Barcelona suka haɗu bai buƙatar a yi masa dogon bayani: za a maimaita hoton sau biyar a hankali, rabin ɗaki na rantsuwa fanareti ce, rabi na rantsuwa ɗan wasan ne ya jefar da kansa, kuma kowa zai fita yana cewa an sayi alƙalin wasa.

Bayan shekara talatin da 'yan kai aka gwada abin a kan labarai. A watan Satumba na 1982 aka yi kisan kiyashi a sansanonin Sabra da Shatila da ke Beirut. Masu bincike uku a jami'ar Stanford, Robert Vallone da Lee Ross da Mark Lepper, suka haɗa rahotannin da gidajen talabijin na Amurka suka yi a kan lamarin, suka nuna wa ɗalibai masu goyon bayan Isra'ila da masu goyon bayan Larabawa. Masu goyon bayan Larabawa suka ce kashi 42 na ambaton Isra'ila a rahotannin yabo ne, kashi 26 kawai suka ne. Masu goyon bayan Isra'ila suka ce yabon kashi 16 ne, sukan kuma 57. Abin da ya fi jan hankali a sakamakon, wanda aka buga a 1985, shi ne waɗanda suka fi sanin tarihin rikicin su suka fi ganin son kai. Sanin bai wanke musu ido ba, sai ma ya ba su jerin hujjojin da suke jin an ƙi ambata da gangan.

Abin da ba ya zuwa gabanka

A shafukan sada zumunta akwai wani ƙarin dalili da babu shi a talabijin. Idan aka goge rubutunka, kai ake aiko wa sanarwa. Idan aka rufe shafin abokinka, zai buɗe sabo ya ba ku labari. Amma idan aka goge na abokin hamayyarka, ba za ka taɓa sani ba, domin abin da aka goge ba ya barin gurbi. Abin da ke isowa gare ka daga can shi ne wanda ya tsira, kuma mafi muni daga cikinsa, saboda shi mutanenka ke ɗauka a hoto suna yaɗawa suna cewa ku duba abin da aka bari. A ƙarshe kana riƙe da cikakken lissafin hukuncin da aka yi wa naka, da cikakken lissafin laifin da aka bar wa nasu, sauran rabin lissafin kuwa yana hannun wanda ba kwa ga maciji da shi. Shi ma haka yake zaune da nasa rabin.

Ga kuma wani abu da ba ma son faɗa. Zafin harshen namu ba ya yi mana kama da zagi, kama da gaskiya yake yi mana. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Watanni bakwai babu Twitter

Najeriya ta ga inda wannan zargi ke iya kai ƙasa. Ranar 1 ga Yuni, 2021, ana tsaka da ƙone-ƙonen ofisoshin hukumar zaɓe da na 'yan sanda a kudu maso gabas, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya wallafa saƙo a Twitter. Ya ce da yawa daga masu tayar da hankalin yara ne da ba su ga ɓarnar yaƙin basasa ba, kuma waɗanda suka yi watanni 30 a fagen daga za su yi musu magana da yaren da suke ganewa. Mutane da dama suka kai ƙarar saƙon, suna ganinsa a matsayin barazana ga al'umma guda. Washegari Twitter ya goge shi, ya kuma hana shafin yin rubutu na awa 12.

Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce kamfanin na auna mutane da mudu biyu. Ya kawo misalin saƙonnin Nnamdi Kanu na ƙungiyar IPOB da aka bari, ya kuma tuno yadda shugaban kamfanin, Jack Dorsey, ya fito fili ya mara wa zanga-zangar EndSARS baya a watan Oktoba na 2020. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu ganin an yi wa shugaban sassauci, tunda watanni biyar kafin nan an rufe shafin Donald Trump ɗungurungum. Ranar 4 ga Yuni gwamnati ta sanar da dakatar da Twitter a faɗin ƙasa, ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairu, 2022.

Tambayar da ministan ya yi tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata a ce kamfanin ya amsa ta dalla-dalla a bainar jama'a: doka ɗaya kuka yi aiki da ita a kan kowa? Matakin da gwamnati ta ɗauka ne ya wuce gona da iri. Saboda saƙo ɗaya na mutum ɗaya aka toshe bakin miliyoyin mutane, har da masu sayar da atamfa da turare da takalma waɗanda ba ruwansu da rikicin, kasuwarsu ce kawai ke can. A watan Yuli na 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa doka.

Akwai wani abu da aka cika mantawa. A watan Oktoban nan na 2020 da gwamnati ke ganin Twitter ya zama ɗan zanga-zanga, Instagram ya riƙa liƙa wa wasu hotunan EndSARS tambarin "labarin ƙarya", har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri ya ce kuskure ne. A idon masu zanga-zangar, hujja ta tabbata cewa kamfanin da gwamnati bakinsu ɗaya.

Idan aka ƙirga fa?

Mai karatu zai iya cewa, to a bar maganar ido, a kawo alƙaluma. A ƙirga nawa aka rufe a nan, nawa aka rufe a can, magana ta ƙare.

An ƙirga. Wasu masu bincike da suka haɗa da Mohsen Mosleh da David Rand sun zaɓi mutum 9,000 masu amfani da Twitter a watan Oktoba na 2020, rabi masu tallata Trump, rabi masu tallata Joe Biden, suka bi su na wasu watanni. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2024. Shafukan masu goyon bayan Trump da aka rufe sun ninka na masu goyon bayan Biden fiye da sau huɗu. Da a nan aka tsaya, da masu zargi sun yi nasara.

Sai dai masu binciken sun duba irin abin da kowane ɓangare ke yaɗawa, suka ga masu goyon bayan Trump sun fi ɗauko labari daga kafofin da ba a yarda da sahihancinsu ba. Za a ce, to wa ya yanke cewa kafa kaza ba ta da inganci, ba 'yan bokon da dama can suke ƙin Trump ba? Sun hango wannan, don haka suka sa talakawan gari 'yan jam'iyyar Republican zalla su auna kafofin. Da ma'aunin nasu ma sakamakon bai canja ba.

A lura da kyau, wannan bai wanke Twitter ba, kuma su kansu masu binciken ba su ce ya wanke shi ba. Abin da ya nuna ƙanƙane ne amma muhimmi: rashin daidaito a yawan hukunci shi kaɗai ba hujja ba ce. Idan aka tashi wasa ƙungiya ɗaya tana da jan kati uku ɗaya ba ta da ko guda, ba za ka san ko alƙalin ya yi zalunci ba sai ka koma ka kalli ƙetar ɗaya bayan ɗaya. Alƙalin da ya ƙudurta cewa dole ya raba kati daidai wa daida ko da wa ya yi laifin, shi ne ma azzalumi na gaske. Kuma wannan labarin Amurka ne a shekarar 2020. A wata ƙasa, ko a wani zaɓen, ɓangaren da ya fi yaɗa ƙarya yana iya zama ɗayan.

Goge rubutu kuma rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne lissafin da manhaja ke yi don zaɓar abin da za ta tura gaban mutane. A 2021 Twitter da kansa ya binciki nasa lissafin a ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Faransa, Jamus, Sifaniya da Japan. A shida daga ciki, ban da Jamus, saƙonnin 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau sun fi samun tura gaba. Wato ɓangaren da ya fi kukan ana danne shi a wajen gogewa, shi ne ya fi cin moriya a wajen yaɗawa.

Inda sikelin ya karkata da gaske

Kada wani ya ɗauka cewa duk zargin mafarki ne. Akwai karkata, an kama ta da hujja, ba sau ɗaya ba.

A watan Oktoba na 2020, ana saura makonni uku zaɓen Amurka, Twitter ya hana yaɗa labarin jaridar New York Post game da kwamfutar Hunter Biden, ɗan ɗan takarar Democrat. Daga baya Jack Dorsey ya amsa cewa matakin kuskure ne. A watan Agusta na 2024 Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya rubuta wa majalisar dokokin Amurka cewa jami'an gwamnatin Biden sun matsa wa kamfaninsa lamba ya cire wasu rubuce-rubuce game da cutar korona. Waɗannan biyun suna ƙarfafa kukan masu ra'ayin riƙau.

Amma a Indiya ta ɗaya gefen abin ya karkata. A watan Agusta na 2020 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa babbar jami'ar Facebook mai kula da hulɗa da gwamnati a can, Ankhi Das, ta hana a hukunta wani ɗan majalisa na jam'iyyar BJP mai mulki, T. Raja Singh, duk da munanan kalamansa a kan Musulmi, don gudun kada kasuwancin kamfanin ya taɓu. Sai da labarin ya fasu aka rufe shafinsa, ita kuma ta ajiye aiki a watan Oktoba. A 2021 jaridar ta sake bankaɗo wani tsari na cikin gida mai suna XCheck, wanda ya ware manyan mutane kusan miliyan 5.8 daga hukuncin da ake yi wa kowa nan take. A ƙarƙashinsa ne ɗan ƙwallon Brazil, Neymar, ya wallafa hotunan tsiraicin wata mata da ta zarge shi da fyaɗe a 2019, aka bar su fiye da kwana guda har aka kalla sau miliyan 56. Da talaka ne, shafinsa gaba ɗaya za a share. Sannan ranar 7 ga Janairu, 2025, ƙasa da mako biyu kafin Trump ya koma mulki, Zuckerberg ya sanar da sallamar masu tantance labarai a Amurka, yana cewa sun cika son kai na siyasa.

A jera waɗannan a kalle su tare. A Amurka an karkata wajen 'yan Democrat, daga baya aka karkata wajen 'yan Republican. A Indiya an karkata wajen jam'iyya mai mulki. A wajen Neymar ba siyasa ko kaɗan. Abin da ya haɗa su shi ne kamfani yana lallaɓa duk wanda ke iya cutar da shi: mai riƙe da gwamnati, mai shirin karɓarta, da mai mabiya miliyoyi. Wannan ita ce karkatar da ta fi tabbata, kuma ita ce hayaniyar "namu da nasu" take rufewa. Yayin da sojojin baka na jam'iyyu biyu ke musu a kan wanda aka fi gogewa a cikinsu, iyayen gidansu duka suna cikin sahun da ba a cika taɓawa ba.

Alƙalin da bai jin yarenka

Akwai karkata ta biyu, kuma ita ta fi shafar mai karanta wannan littafi.

A watan Mayu na 2021, lokacin rikicin Sheikh Jarrah da Gaza, Falasɗinawa suka yi ta kuka cewa ana share musu rubutu. Har ma Instagram ya riƙa toshe saƙonnin da ke ambaton Al-Aƙsa, saboda an rikita sunan masallacin da na wata ƙungiya mai ɗauke da makamai da ke cikin jerin da kamfanin ya haramta. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ɗauki wata cibiya mai zaman kanta, BSR, ta binciki lamarin. Rahotonta na watan Satumba, 2022, ya ce ba ta ga son kai na ganganci ba, amma ta ga an tsaurara wa rubutun Larabci fiye da kima, an kuma yi sako-sako da na Ibrananci. Dalili? Kamfanin yana da na'urar da ke farautar kalaman tunzuri a Larabci, ba ta ƙware a karin harshen Falasɗinawa ba, a Ibrananci kuwa babu irinta sam a lokacin. Falasɗinawan sun yi gaskiya cewa an fi danne su, ko da ba a sami wanda ya zauna ya ƙulla hakan ba.

Yanzu a dubi Hausa. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna kashi 87 na abin da kamfanin ya ware don gano labaran ƙarya Amurka ya tafi, duk sauran duniya suka raba kashi 13. A 2018, bayan kashe-kashen jihar Filato na watan Yuni, binciken BBC ya gano cewa masu tantance labarai huɗu ne kacal ke aikin cikakken lokaci a kan masu amfani da Facebook miliyan 24 a Najeriya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Shekaru da dama, masu duba rubutun harsunan Afirka da yawa sun zauna ne a wani ofishi a Nairobi ƙarƙashin kamfanin kwangila mai suna Sama, inda mujallar Time ta ruwaito a 2022 cewa wasu na karɓar dala ɗaya da rabi a awa, suna yini suna kallon yanka da fyaɗe, ana auna su da saurin yanke hukunci.

A ce an miƙa wa irin wannan ma'aikaci, ko na'urar da aka koyar da ɗan abin da ya samu na Hausa, saƙon Bafulatani yana tsokanar Babarbare, ko Bakano yana yi wa Bazazzagi tsiya. Duk Bahaushe ya san wasa ne na kaka da kakanni, amma a rubuce, ba murya ba dariya, kamarsa ɗaya da cin zarafin ƙabila. A ɗaya gefen kuma, wanda ya iya habaici da zambo zai iya tunzura unguwa guda a kan mutum ba tare da ya furta kalma ko ɗaya da ke cikin jerin haramtattu ba. Ƙara da cewa muna rubutu ba ƙugiya, muna cakuɗa Hausa da Turanci da Larabci a jimla guda, Basakkwace da Bakano da mutumin Damagaram kowa da irin rubutunsa. Sakamakon shi ne a kama mai wasa a saki mai haɗa wuta, kuma kowane kuskure sai ya faɗa kan ɗan wata jam'iyya ko wata ɗariƙa, wanda zai fassara shi da cewa an yi ne don ra'ayinsa.

A nan ne rifot na taron dangi ke samun ƙarfi. Meta na cewa yawan rifot ba shi ke sa a goge abu ba. Ko da haka ne, a harshen da na'ura ba ta iya sintiri da kanta, abin da aka kai ƙara shi ake dubawa, wanda ba a kai ba ya kwana lafiya. Don haka ɓangaren da ya fi tsari, mai matasan da za a ce musu "ku je ku yi masa rifot" su tafi su ɗari biyu, shi ke zaɓar wa alƙali fayil ɗin da zai buɗe.

Tambayar da za a riƙa yi

Idan aka kulle ka, ko aka kulle naka, tambayar da za ta kai ka ga gaskiya ita ce: wace doka aka ce na karya, kuma wanda ya yi irin abin da na yi daga can ɓangaren, me aka yi masa? Matsalar ita ce ba kai ba ni da za mu iya amsa rabin tambayar na biyu, saboda kundin hukuncin yana hannun kamfani, ba ya buɗe shi sai ya ga dama ko wani ma'aikaci ya fito da shi a ɓoye. Kusan duk misalan karkata ta gaske da muka kawo a sama, ta hanyar tonon 'yan jarida ko matsin lamba suka fito.

To wa zai tilasta a buɗe kundin? Meta ya kafa kwamitin ɗaukaka ƙara na kansa a 2020. Tarayyar Turai ta yi doka a 2022 da ta wajabta wa kamfanoni su faɗa wa mutum dalilin goge masa rubutu su kuma ba shi damar ƙalubalanta. A Najeriya hukumar NITDA ta fitar da nata ƙa'idojin a shekarar. Sai dai gwamnatin da za ta sa ido a kan alƙali ita ma 'yar wasa ce a fili, tana da rigarta da magoya bayanta, kuma mun ga abin da ta yi a watan Yuni na 2021. Babi na gaba zai bi waɗannan hanyoyi uku ɗaya bayan ɗaya, ya duba wacce ce ta taɓa mayar wa talaka rubutunsa.